Koke zuwa ga Sarkin Hausawan Shikago kan cinikin 'yan wasan White Sox da kuɗin sabon fili

Janairu 2025

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana.

Mu ne 'ya'yanka mazauna kudancin Shikago, direbobin tasi da na Uber, da masu aiki a otal-otal na cikin gari, da masu gadi, da wasu 'yan makaranta, akwai 'yan Najeriya a cikinmu akwai 'yan Nijar akwai 'yan zangon Gana. Mun san wasu dattawan za su ce ina ruwan Sarki da wasan besbol, wasan da rabinmu ma sai da muka shekara biyar a ƙasar nan kafin mu gane waye ke ci waye ba ya ci. To ranka ya daɗe a yi mana haƙuri a karanta har ƙarshe, maganar ƙwallo ce amma kuɗin gwamnati ne a ƙarƙashinta, kuma kai ne kake zama da kansiloli da 'yan majalisar jiha in an kira shugabannin al'umma, mu ba mai kiranmu.

Kowa ya ga abin da ya faru da White Sox, kulob ɗin besbol na kudancin Shikago, a kakar 2024. Wasa 162 ake bugawa a shekara, suka ci 41 aka cinye su 121, tun 1901 ba kulob ɗin da ya taɓa shan kashi haka a babbar lig, har sun goge tarihin New York Mets na 1962 da suka sha 120, su kuwa Mets a lokacin sabon kulob ne da aka haɗa da ragowar 'yan wasan mutane. A tsakiyar kakar sai da aka doke su sau 21 a jere. Ran 27 ga Satumba a Detroit aka cika na 121 ɗin, wallahi a ranar wani fasinja mai goyon bayan Cubs, abokan hamayyarmu na arewacin gari, ya ga hular Sox a gaban motata ya ƙara min dala biyar ya ce ta jaje ce, na karɓa dai, amma har na je gida abin na cina.

Ba faɗuwar ce ta sa muka rubuto ba, kowa na faɗuwa. Yadda ake cewa za a gyara ne ya dame mu, don mun taɓa ganin wannan gyaran da idonmu.

A besbol ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi kamar yadda muka saba gani a ƙwallon ƙafa na Turai, yawanci ba ni gishiri in ba ka manda ake yi, ka ba da gwaninka ɗaya a ba ka yara uku ko huɗu da ke ƙananan lig waɗanda ake sa ran za su zama wani abu. A Disambar 2016 aka ce mana za a rushe a sake gini. Aka ba Boston Chris Sale, mai jifan da ba kamarsa a kulob ɗin, aka karɓo Yoán Moncada da Michael Kopech da wasu. Washegari aka tura Adam Eaton Washington aka karɓo Lucas Giolito da Reynaldo López da Dane Dunning. A Yulin 2017 José Quintana ya haye arewacin gari wajen Cubs, aka kawo Eloy Jiménez da Dylan Cease. Aka ce mu yi haƙuri shekara uku, muka yi. Kuma tsakani da Allah cinikin bai yi muni ba, yaran sun taso, an shiga wasannin share fagen kofi a 2020 da 2021, a 2021 ɗin ma su suka zo na ɗaya a rukuninsu da nasara 93. Amma duk a shekara biyun nan wasa biyu kacal suka ci a can, ɗaya da Oakland ɗaya da Houston, shi ke nan, lokacin da ya kamata a buɗe bakin aljihu a kawo manyan da za su rufa wa yaran baya sai aka yi ta tsince-tsince. Har yau kulob ɗin nan bai taɓa ba wani ɗan wasa kwantiragin dala miliyan 100 ba, mafi girma shi ne miliyan 75 na shekara biyar da aka ba Andrew Benintendi, a gari na uku mafi girma a Amurka fa.

Daga nan sai aka sake ɗaga kayan a kasuwa. Giolito da López suka tafi Angels a Yulin 2023. Cease ya tafi San Diego a Maris 2024, wata huɗu tsakani ya yi wasa guda cur da Washington ba wanda ya samu bugu ko ɗaya a hannunsa. Kopech aka miƙa wa Dodgers a Yuli, kafin Oktoba ta ƙare ya ɗaga kofin World Series, babban kofin besbol, da su. Shi kuwa Sale tun 2018 ya ci kofi da Boston, a 2024 ɗin da muke kuka kuma shi aka ba kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa a Atlanta. Ka sayar da akuya ta dawo tana ci maka danga, wannan har gonar ta cinye.

Ga na baya-bayan nan da ya sa muka ce a'a sai mun yi magana. Ran 11 ga Disambar 2024 aka ba Boston Garrett Crochet, yaro ɗan shekara 25 mai jifa da hagu, wanda ya fitar da masu bugu 209 a kakar da ta wuce, kusan shi kaɗai ne dalilin da zai sa mutum ya yanki tikiti, kuma da sauran shekara biyu a hannun kulob ɗin. Aka karɓo mutum huɗu, Kyle Teel da Braden Montgomery da Chase Meidroth da Wikelman González, a lokacin ba ɗayansu da ya taɓa taka babbar lig, shi Montgomery ma ya karye a idon sawu yana jami'a bai ko fara wasan kuɗi ba tukuna. Masana sun ce yaran na da kyau, mu ma muna musu fatan alheri, amma cinikin biri a sama ne dai ko ya aka juya shi. Ɗan wani ɗan'uwanmu mai shekara tara, uban ya yi ta tara kuɗi ya saya masa rigar Crochet mai lamba 45 da sallar layya, da labarin ya fito yaron bai yi kuka ba, ya dai ninke rigar ya sa a ƙasan akwati ya ce Baba nan gaba a sayo wadda ba suna a baya. Uban da yake ba mu labari a majalisa dariya yake amma ba wanda ya taya shi.

Kar a ce ba mu san amfanin yara ba. Mun sani sarai, ai mu ne a Yunin 2016 muka ba San Diego wani yaro ɗan shekara 17 don a karɓo James Shields da ƙarfinsa ya fara ƙarewa, yaron nan shi ne Fernando Tatis Jr. da daga baya suka ɗaure da kwantiragin dala miliyan 340. Wato in mun sayar da babba mun yi asara, in mun sayar da ƙarami ma mun yi asara, kenan matsalar ba a cinikin kaɗai take ba.

Yanzu ana ta raɗe-raɗin Luis Robert Jr., gwanin mai bugu kuma ɗan bayan filinmu, shi ne na gaba da za a sayar. Ra'ayinmu a nan, kuma mun yi ta musu a kai kafin mu tsaya a magana ɗaya, kar a sayar da shi yanzu. A 2023 ya buga ƙwallo 38 sun tsallake katanga, a 2024 ya ji ciwo a ƙugu wasa 100 kawai ya buga kuma bai yi abin kirki ba, duk mai hankali ya san ba a kai sa kasuwa ranar da yake ɗingishi. Kulob na da damar riƙe shi har 2026 da 2027 a kan miliyan 20 duk shekara, to saurin me ake? A bar shi ya warke ya buga zuwa ƙarshen Yuli lokacin da manyan kulob ke rububin neman mutum, in ma sayarwar ce dole a lokacin sai a karɓo masu bugu, don maki 507 kawai aka ci a duk kakar bara, ba kulob ɗin da ya kai mu ƙasa. Masu jifa kam akwai su a hanya, ga Noah Schultz ga Hagen Smith da aka ɗauka na biyar a 2024 ga Drew Thorpe da ya zo a cinikin Cease, waɗannan ko da wasa kar a sa su a wani ciniki. Benintendi kuwa in ana son rabuwa da shi a biya wani kaso na albashinsa daga aljihun kulob, kar a haɗa shi da yaro mai kyau a matsayin gyara don wani ya yarda ya ɗauka. Masu tare ƙwallo a bayan mai bugu yanzu biyu ne, Teel da Edgar Quero, wasunmu sun ce a juya ɗaya a samo ɗan bayan fili, wasu suka ce a bari a ga kamun ludayinsu tukuna, wannan mun bar shi a buɗe.

Wani abin takaicin ma, duk wannan faɗuwar ba ta sayo mana komai ba, saboda dokar da aka sa don hana kulob faɗuwa da gangan White Sox ba za su ɗauki ɗan wasa sama da na 10 ba a zaɓen sababbin yara na 2025.

Ranka ya daɗe mun san kansila ba zai kira Chris Getz, babban manajan kulob ɗin, ya ce masa ga wanda za ka sayar ga wanda za ka bari ba, kamfani ne mai zaman kansa, Jerry Reinsdorf da abokansa suka saya tun 1981. Amma filin da suke wasa a kan titin 35th ba nasu ba ne, na hukumar filayen wasanni ta jihar Illinois ne, da kuɗin jama'a aka gina shi aka buɗe a 1991, bayan an yi barazanar kwashe kulob ɗin zuwa Florida a 1988 har gwamna Jim Thompson ya tsaya a majalisa da tsakar dare sai da aka amince. Harajin kashi 2 cikin ɗari na ɗakunan otal a Shikago shi ke biyan bashin hukumar, sannan birni na ba da miliyan 5 jiha na ba da miliyan 5 duk shekara. Za a ce ai baƙi ke biyan harajin otal ba mu ba, to ƙannenmu da matanmu ne ke gyara gadajen otal ɗin, kuma in harajin ya gaza kamar yadda ya faru bayan korona daga kason birni ake cikewa, kason da za a gyara makaranta da titi da shi. Yarjejeniyar hayar filin za ta ƙare bayan kakar 2029, kuma tun Fabrairun bara mai kulob ɗin ya je Springfield, babban birnin jiha, neman tallafin sabon fili a wurin da ake kira The 78 a South Loop, jaridu sun ce wajen dala biliyan ɗaya ake magana. Gwamna Pritzker bai nuna sha'awa ba, amma irin wannan magana ba ta mutuwa, kwanciya take ta tashi.

Abin da muke roƙo shi ne Sarki ya ɗauki wannan takarda, za mu haɗa da ta Turanci, ya kai wa kansilolin unguwanninmu da 'yan majalisar jiha da ke wakiltarmu, a gaya musu al'ummarmu ba ta yarda a sa ko dala ɗaya ta jama'a a sabon fili ba sai an zauna a bainar jama'a an ji ta bakin mazauna kudu, a lokacin da mai aikin dare zai iya zuwa, ba ƙarfe goma na safiyar Talata ba. In har za a ba da wani abu ko a sabunta haya, to a rubuta sharaɗi a takarda, kulob ya faɗi mafi ƙarancin abin da zai riƙa kashewa a kan 'yan wasa, ya kuma sa hannu ba zai bar garin ba. Sannan a tambaye su a fili, cikin yaran nan da ake ta tarawa wa za a riƙe in ya zama gwani, ko kuwa renonsu za mu sake yi wa Boston da Dodgers.

Akwai kuma ta cikinmu. Da, in an tashi daga wasa direba na iya yin sawu uku huɗu daga bakin tashar jirgin ƙasa ta Sox-35th da ke kusa da filin kafin wurin ya watse, a 2006 bayan cin kofin 2005 kusan mutum miliyan 3 suka shiga filin nan, bara ko miliyan ɗaya da rabi ba a kai ba, wani daren sai ka tsaya minti arba'in ka tafi da motarka wayam. In aka ɗauke filin gaba ɗaya me za a yi da wannan makeken wurin ajiye motoci, wa zai samu aiki wa zai rasa, muna so a amsa mana wannan kafin a yanke komai.

Takardar sa hannu tana wurin matasa, za su tsaya da ita a ƙofar masallaci bayan Juma'a mako uku a jere, wanda ba ya nan ya turo sunansa da unguwarsa ta WhatsApp ɗin al'umma. In Sarki ya ba mu rana, mutum biyar daga cikinmu za su zo gida su yi bayani baki da baki, har da ɗaya daga cikin mata masu aikin otal.

Allah ya taimaki Sarki.

Daga 'ya'yanka Hausawa magoya bayan White Sox, mazauna kudancin Shikago.