Sadiku, maganar jirgin nan mara inji

Sadiku ya karatu, ya sanyi. A bakin Hajara na ji wai ka shiga ƙungiyar masu tashi da jirgi mara inji a can Jamus, irin wanda wani jirgin ke ja da igiya ya sake shi a sama, kuma wai ka ce kar Baba ya ji. To na ji.

Kar ka ce min ai wasa ne. Lokacin yaƙin duniya na biyu da irin wannan wasan Jamusawa suka riƙa shirya samari su tuƙa Me 163 Komet, jirgin roka. A lokacin za a fara ka da Habicht, jirgi mara inji mai fukafuki mita 13.6, kana sabawa sai a kawo wanda aka datse ya koma mita 8, daga nan mita 6, don ka saba da saukowa a guje. Shi Komet ɗin mansa ko minti takwas ba ya kaiwa, tayoyinsa ma yana tashi yake yar da su, haka za ka dawo ba inji ka sauka a kan ciki, in ka kuskure babu zagayowa, man kuma in ya zubo wa mutum naman jiki yake ci. Hanna Reitsch, matuƙiyar gwajin jiragen Jamus, duk gwanintarta a 1942 ta faɗo da shi ba a ma kunna roka ba, watanni ta yi a asibiti. Japanawa suka kwaikwaya suka yi nasu na koyo, Akigusa, amma ranar 7 ga Yuli 1945 da aka fara tashi da na gasken, Shusui, inji ya mutu a sama, matuƙin bai rayu ba.

Na san za ka ce yanzu ba yaƙi ake ba, haka ne. Amma ni halinka nake tsoro, kai in ka taka mataki ɗaya sai ka ga ƙarshen tsani, babur ɗin kawunka ma haka aka fara. Ban sayar da gonar Inna don a kira ni da tsakar dare ba, injiniya na tura ka ka zama, kuma ɓoyewar ta fi komai yi min ciwo wallahi.

Ban yi fushi ba ɗana, Allah ya yi maka albarka. Mamanku ba ta sani ba tukuna, ka san hawan jininta. Ka kira ni ranar Juma'a bayan la'asar ɗinmu, lokacin tana islamiyya.

Babanka