Sanarwa ga ƴan kwamitin shirya taro a lokacin annoba

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ga abin da muke roƙo a kiyaye a walima da ɗaurin aure.

In da hali a yi taron a fili, kar a yi a ɗaki. In dole sai zaure, a buɗe tagogi ta ɓangarori biyu iska ta ratsa. Fanka a rufaffen ɗaki juya numfashin mutane kawai take yi. A bar aƙalla mita 1 tsakanin kujeru, ƙofar shiga daban, ta fita daban, domin a bakin ƙofa ake cunkushewa.

Wajen abinci ne aka fi sakaci. Kwanon wanke hannu guda da kowa ke tsoma hannu a ciki yaɗa cuta yake yi. A sa bokiti mai famfo da sabulu, a cuɗa hannu daƙiƙa 20. Kowa da kofinsa. Makirufo da hannun ƙofa a goge su da bilic: in mai ƙarfin kashi 3.5 cikin 100 ne, murfi 1 a ruwa murfi 34, a haɗa sabo kullum.

Takunkumi ya rufe hanci da baki. Mai zazzaɓi, tari ko ciwon maƙogwaro, don Allah ya zauna a gida, ko da uban ango ne, a kira hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya (NCDC) a lambar waya 6232.