Lahadi a majami'a, Litinin a gidan boka

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili domin in yi magana da 'yan'uwana Kiristoci na Damagaram a kan abin da muke sani amma muke kau da kai. Akwai waɗanda ke raira waƙar yabo ranar Lahadi, amma da zarar ciwo ya kama yaro ko kasuwa ta tsaya, sai su lallaɓa wurin boka su karɓo laya. Littafi Mai Tsarki bai ɗauki wannan a matsayin ƙaramin kuskure ba, ya kira shi cin amanar aure, shi ya sa Allah ya umarci annabi Yusha'u ya auri Gomer, matar da ba ta riƙe alkawari ba, domin Isra'ila ta ga kanta.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, an sake aiken annabin ya je ya fanso matar. Haka kuma Sarki Dawuda, bayan ya ɗauki matar Uriya ya sa aka kashe mijinta, bai tsaya kare kansa gaban annabi Natan ba, ya amsa laifinsa, kuma Zabura 51 ita ce kukansa. An gafarta masa, ko da yake gidansa ya ɗanɗana kuɗarsa.

Ina roƙon fastocinmu, daga Sabon Gari har Zango, su daina tozarta mai tuba a bainar jama'a, domin kunyar idon mutane ce ke hana da yawa komowa.

Naku,
Wani mai karatu, Damagaram