Daga Nima zuwa Hamburg: motar rimot da kwamfutar da ta hana ni barci

Assalamu alaikum Awudu mutumina,

Ya sanyin Jamus, ya aiki, ya madam da su Yasir? Mu nan Nima ta Accra lafiya lau sai godiyar Allah, zafi ne dai ke gasa mu kamar kullum. Hajiya tana gaishe ka, tace wai tunda ka tafi ko hotonka bata ƙara gani ba sai na yaran.

Na san kana can kana cewa Iliyasu ya watsar da kai, saƙon muryar da ka turo tun bayan ƙaramar sallah har yau ban amsa ba. Wallahi ba wulaƙanci bane. Tambayarka akan motar rimot da kake so ka saya wa Yasir ba abin da zan amsa a tsaye cikin trotro, motar hayar nan, bane, nace sai na zauna na rubuta maka dalla-dalla, to kwamfutar da zan rubuta da ita kuma ita ce ta sa ni a gaba kusan wata biyu. Bari in fara da ita tunda ita ce uzurina.

Ka tuna laftof ɗin nan hom yus, wato ta hannu, da nake lissafin shago da ita? RAM ɗinta 4GB ne, ta fara nauyi, in na buɗe Chrome da Excel tare sai ta tsaya tana tunani kamar tsohon da aka tambaya shekarunsa. Mutane da yawa a nan in kwamfuta tayi haka sai suce memori ta cika, su hau goge hotuna, alhali abu biyu ne daban. Yadda na fahimta shi ne, had dis kamar sito ne inda mai waakye ke ajiye buhunan shinkafa da wake, RAM kuma teburin da take zuba wa mutane abinci akai. Sito ko ya kai girman masallacin Kanda in tebur ƙarami ne layi ba zai tafi ba. In ka danna Ctrl da Shift da Esc tare Task Manager zai buɗe, a nan zaka ga ko teburin ne ya cika. Nawa kullum a maƙare yake.

Sai na tafi Circle, wajen 'yan waya da kwamfuta, na sayo ƙarin 4GB wajen wani mai ɗan tebur, ya duba yace DDR3 ce, na dawo gida na kwance bayanta na saka, ta shiga ramin lafiya lau har da ƙas ɗin nan. Kwana biyu ina ta murna tana gudu. Rana ta uku ina tsakiyar lissafi allo ya koma shuɗi da rubutu MEMORY_MANAGEMENT, ta mutu ta tashi da kanta. Washegari sau uku. Wani lokacin ma ba shuɗin allo, Chrome ne kawai zai rufe kansa, ko fayil ɗin da na ajiye jiya yau yaƙi buɗewa.

Kuma ka ga wautata, ko kaɗan ban zargi RAM ɗin ba, don a raina sabo ne ai. Na kai wa wani mai gyara yace bairos ne sai an yi fomat, akayi fomat na biya, hotunan sunan Mubarak da ban kwafe ba suka tafi, maman Mubarak har yau in ta tuna sai tayi min gori. Kwana ɗaya shuɗin allo ya dawo. Na kai wa wani daban, ko buɗe ta bai yi ba yace madabod, wato babban faifan da komai ke jone a jikinsa, ita ce ta tafi, gara in sayar masa da ita a matsayin kayan gyara. Saura kaɗan in yarda.

Ɗan yayata da ke karatu a jami'ar Legon ne ya cece ni da yazo hutu. Tambaya ɗaya yayi min, kawu me ka canza kafin ta fara? Kunya ta kama ni. Ya sa wani furogiram mai suna MemTest86 a filash, ya tayar da kwamfutar daga filash ɗin ba daga Windows ba, shi wannan aikinsa kawai ya rubuta lambobi a kowane lungu na RAM ya karanto ya ga ko abin da ya ajiye shi ya tarar. Ba a yi minti ashirin ba jan rubutu ya fara zubowa. Windows ma tana da nata, ka rubuta mdsched a wajen bincike, amma yace na filash ɗin yafi tonawa, kuma a bar shi ya zagaya sau 4 ko da zai kwana yana yi, don wani laifin sai RAM ya ɗau zafi yake fitowa.

Abin da ya burge ni shi ne bai tsaya nan yace RAM ya lalace ba. Ya kashe ta, ya zare caja da batir, ya taɓa ƙarfen taga don ya sauke lantarkin jikinsa, ya cire sabon ya bar tsohon a rami na ɗaya, gwaji ya wuce lafiya. Ya mayar da tsohon rami na biyu, lafiya. Kaga ramukan sun fita daga zargi kenan, madabod ɗin da aka yi wa jana'iza ashe da ranta. Sai ya sa sabon shi kaɗai, jan rubutu ya dawo. Daga nan ya ɗaga su biyun a hasken waya yace kawu karanta takardar jikinsu. Tsohon an rubuta PC3L, sabon PC3. Harafi ɗaya. Mai L ɗin shi ne DDR3L, yana aiki da bolt 1.35, wanda babu L yana son 1.5, kuma ƙafafunsu 204 ne duka da tsaga a wuri ɗaya shi yasa ya shiga ba gardama. Kwamfutata irin masu ba da 1.35 ce, wato sabon yana aiki ne da yunwa. Da DDR4 aka bani ma da sauƙi, tsagarsa ba a wuri ɗaya take ba, ba zai shiga ba balle ya yaudare ni. Na koma Circle mai teburin yace kaya in ya fita ya fita. Na bar shi da Allah.

Wani abu kuma da na koya, iskar tekun nan ta Accra da ƙurar hunturu suna cin ƙafafun RAM. Kwamfutar maƙwabcinmu tela babbar ta tebur taƙi kawo hoto sai ƙara take ƙit ƙit ƙit, muka cire RAM ɗin muka goge zinaren ƙafafun da kilinar fensir a hankali, muka hure ramin muka mayar, ta tashi. Sai da ya ɗinka min riga kyauta.

To yanzu maganar mota.

Kai dai ka san inda muka fito, motar gwangwanin madara da tayar tsohon silifa, muna jan ta da zare a bakin gwata. Wallahi ranar da na fara riƙe rimot na manta ina da furfura, Mubarak na tsaye yana cewa baba ai tawa ce.

Abu na farko, iri biyu ne kuma kar hoton kwali ya ruɗe ka. Akwai ta wasan yara wadda ake sayarwa ko'ina, akwai ta masu harkar. Na fara da ta farkon, na saya masa da sallah, kwana biyu ƙafar gaba ta karye, na zaga ko'ina babu kayan gyaranta don ba a yi ta don a gyara ba, komai a manne yake. Araha bata ado. Ita irin wannan in ka danna gudu to gudu ne gaba ɗaya, in ka juya sitiyari ta juya gaba ɗaya, babu tsaka-tsaki. Ta masu harkar kuwa yadda ka matsa kunamar rimot haka take ƙara wuta kaɗan kaɗan, kuma kowane yanki ana kwance shi da sukuddireba a sayi wani. Don haka kafin ka biya ka tambaya ana samun hannun taya da giya da shokozoba nata? In babu ka ajiye musu kayansu.

Lambar da zaka gani kamar 1/10 ko 1/14 ko 1/18 girmanta ne in an gwada da motar gaske, lambar ƙasa na ƙaruwa mota na ƙanƙancewa. Tamu 1/14 ce na saya hannu na biyu, tana jan ƙafa huɗu, a filin Kawukudi muke kai ta bayan la'asar in 'yan ƙwallo basu cika ba. A ciyawa ƙananan suna wahala, kai da kake da fili da wurin ajiya 1/10 zata fi maka. Ka tabbatar rimot ɗin 2.4GHz ne, tsofaffin masu dogon eriya na 27MHz in na yara biyu suka haɗu a tasha ɗaya rimot ɗin wannan sai ya tuƙa motar wancan.

Inji kuma akwai mai burushi da mara burushi. Mara burushi yafi gudu yafi daɗewa yafi tsada, kuma ra'ayina kar ka fara wa yaro ɗan shekara 8 da shi, bango zai sha ranar farko. Masu shan mai ɗin nan da ake kira nitro ma ka manta dasu tukuna, ƙara da hayaƙi da saitin inji, maƙwabtanka Jamusawa da ko ranar Lahadi basa son hayaniya sai sun kira maka 'yan sanda. Motocin Traxxas na Amurka da yawansu suna da saitin koyo da ke rage ƙarfin zuwa rabi, wannan ya dace da Yasir. In kuma kana so ku zauna kai da shi ku haɗa da hannunku, Tamiya ta Japan tana sayar da su a warwatse cikin kwali, TT-02 ɗinsu 1/10 ce, amma ta kwalta ce ba ta rairayi ba. Ni da nine kai wannan zan ɗauka, don wanda ya haɗa mota da kansa ranar da ta lalace ya san inda zai duba.

Batir shi ne inda nake so ka buɗe kunne. NiMH mai bolt 7.2 yana da nauyi amma yana da haƙuri, shi nake ba yaro. LiPo yafi ƙarfi amma ɗan sarauta ne baya son raini. Mai gida biyu da ake rubuta wa 2S bolt 7.4 ne, in ya cika 8.4, wato kowane gida 4.2, kuma kar ka bari gida ya sauka ƙasa da 3. In zaka ajiye shi fiye da 'yan kwanaki ka bar kowane gida wajen 3.8, caja mai daidaita gidaje tana da wannan saitin. Ni ban sani ba na cika nawa taf na jefa a durowa sati uku cikin zafin nan, na ɗauko ya kumbura kamar ƙosai. Wanda ya kumbura ya gama, ba a huda shi ba a sake cajinsa, wuta yake kamawa. Yanzu a cikin tsohuwar tukunyar ƙasa nake caji a tsakar gida ina zaune kusa, kuma ba na barinsa a jone in an ɗauke wuta don ban san da wane ƙarfi zata dawo ba.

Ƙa'ida ɗaya ka koya wa Yasir tun ranar farko, rimot ake fara kunnawa sannan mota, wajen kashewa mota ce farko. Mu mun koya ne bayan tamu ta zabura da kanta ta faɗa gwata, ka san gwatar Nima ba sai na maka bayani ba, Mubarak na kuka ni ina tattare wando. In kuma ka ga tana karkata gefe ɗaya alhali baka taɓa sitiyari ba, akwai ɗan maɓallin saiti a jikin rimot, ba lalacewa bane. Bayan kowane wasa ka bi giyoyin da tsohon burushin haƙori, tsakuwa ɗaya ta ishi ta cinye haƙoran babbar giyar roba. In ka canza ta ka sa 'yar takarda tsakaninta da ƙaramar giyar inji kafin ka ɗaure, sannan ka zare, ratar da ta bari ita ce daidai.

Satin da ya wuce ta fara yankewa tana tsakiyar gudu, ta tsaya ta tashi. Har na buɗe baki zan ce inji ya ƙone sai na tuna madabod ɗina, nayi shiru. Na ari batirin wani yaro ɗan Maamobi da muke haɗuwa a filin na saka, bata daina ba, to ba batir bane. Na ɗaga ta sama ina ba ta wuta ina taɓa wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ina kaiwa kan filogin da ke shiga akwatin sarrafa gudu ta mutu. Ya saki ne saboda jijjiga. Mai gyaran rediyon bakin kasuwa ya ɗana masa dalma, ko kuɗin koko bai karɓa ba.

Yanzu ga roƙona tunda kace kana nan tafe da babbar sallah in Allah ya kaimu. Ka taho min da RAM na laftof 4GB guda ɗaya, da LiPo 2S mai 2200mAh guda biyu. Batiran kar ka sa su a akwatin da za a auna, a jakar hannu ake ɗaukarsu, ka naɗe bakin wayoyin da salatif. A ma'aunin wutar da batir ke riƙewa kowanne bai fi 16Wh da 'yan kai ba, iyakar da aka saba bari ba tare da neman izini ba 100Wh ce, amma ka duba ƙa'idar jirgin da zaka hau kar su ƙwace a banza. Kuɗin in ka iso mu daidaita, kar kace min komai, na san halinka.

Ka gaida madam, ka shafa min kan Yasir, kace masa Mubarak yace in ya isa ya zo da tasa su kara a Kawukudi. Su Malam Sani na majalisa duk suna gaisuwa, har yanzu kujerarka tana nan wajen mai shayi.

Naka,
Iliyasu

Af, na manta. RAM ɗin dan Allah ka karanta takardar jikinsa da idonka kafin ka biya, PC3L, da L ɗinsa. Ka ɗauki hoto ka turo min ma tukuna.