Kan dawo da jarrabawar shiga jami'a a Amurka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan muhawarar da ake yi a Amurka game da wajabta jarrabawar SAT ko ACT ga masu neman gurbin karatu a jami'a.

Lokacin annobar korona a 2020, jami'o'i da dama sun bar wa ɗalibi zaɓi, in ya ga dama ya miƙa sakamakonsa, in bai so ba ya riƙe abinsa. Amma MIT, wato jami'ar fasaha ta Massachusetts, ta dawo da sharaɗin a 2022, sannan jami'o'in Dartmouth da Brown da Harvard suka bi sahu a 2024. Hujjar Dartmouth ce ta fi jan hankalina, domin binciken malamanta ya nuna cewa wasu 'ya'yan talakawa suna ɓoye makin da zai taimake su, saboda suna ganin bai kai na 'ya'yan masu hali ba, alhali jami'ar tana auna makin ne da irin makarantar da yaro ya fito.

Masu adawa suna da gaskiyarsu, tunda mai kuɗi yana iya ɗauko wa ɗansa malamin horo, ya kuma sake zama jarrabawar sau da yawa, kuma Jami'ar Kalifoniya ta daina duba sakamakon gaba ɗaya. Sai dai a ganina, wasiƙar shaida da rubutun da ɗalibi yake yi game da kansa sun fi jarrabawa sauƙin gyarawa da kuɗi, saboda haka na fi goyon bayan a riƙe ta, a kuma yafe wa marasa ƙarfi kuɗin rajista.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku