Potos shukar inuwa ce, a daina gasa ta a rana

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ɗan fili a jaridarka don mu yi magana kan wata shukar ado da ta fara yawa a gidaje da ofisoshin Maradi, wadda galibi masu sonta ne ke kashe ta. Ita ce mai yaɗon nan da masu sayar da furanni ke kira potos, masana kuma suna ce mata Epipremnum aureum. Ganyenta kamar zanen zuciya yake, kore shar, da ratsi-ratsi ruwan ɗorawa. Mutum zai saye ta tana sheƙi, kafin wata biyu ta koma tsumma, sai ya ce ƙasarmu ba ta karɓe ta ba. Abin yana yi mana ciwo, don kuwa tana rayuwa a nan sarai. Wurin ajiya da ban ruwa ne ke neman gyara.

Asalinta tsibirin Moreya ne, cikin Polineziya ta Faransa a tekun Fasifik. A can gindin manyan itatuwa take fitowa, ta maƙale musu ta hau, hasken da ke isa gare ta kuma sai ya ratso ganye tukuna. To, a ɗauko irin wannan shuka a dasa ta tsakar gida a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, me ake jira? Yini ɗaya ya isa ganyen ya yi tabo fari-fari, ya bushe kamar takarda. A ba ta baranda mai kallon gabas, ko inuwar bedi, ko ta mangwaro, inda za ta ɗan sha hantsi, rana na ɗagawa ta shige inuwa. Kada a rataye ta dab da rufin kwano, kada kuma a jingina ta da bangon yamma. Duhu ma ba ya yi mata: ratsin nan sai ya ɓace, tazara tsakanin ganye da ganye ta yi tsawo.

Ƙasar jigawarmu ita kaɗai ba ta riƙe ruwa, lakar bakin Gulbi kuwa tana riƙe shi har ta shaƙe saiwa. A haɗa kashi 2 na ƙasar jigawa, kashi 1 na takin shanu ko na awaki da ya shekara ya ruɓe, da kashi 1 na ruɓaɓɓen ɓawon gyaɗa gauraye da gutsattsarin gawayi. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Tukunya mai faɗin baki santimita 20 zuwa 25 ta isa, ta ƙasa ta fi ta roba sanyi, kuma dole a huda gindinta. A ɗora ta kan bulo biyu don ruwa ya samu hanyar fita.

Ban ruwa shi ne inda aka fi yin ɓarna. Ganye ya yi laushi, sai a ƙara ruwa. Ya ƙara laushi, a sake ƙarawa. Alhali sau da yawa saiwa ce ta riga ta ruɓe don ta rasa iska, ba ta iya tsotsar ko ɗigo. Kafin a zuba, a tura yatsa cikin ƙasar zuwa gaɓa ta biyu. In da danshi, a bari. In ta bushe, a zuba har ya fito ta gindi, in akwai faranti a ƙarƙashinta a zubar da wanda ya taru a ciki. Da bazara tukunyar ƙasa kan buƙaci ruwa kullum ko bayan kwana biyu, da hunturu bayan kwana biyar zuwa mako, da damina kuwa sai a duba kada ruwan indararo ya riƙa zuba mata. Idan ganyen ƙasa sun yi rawaya da yawa lokaci guda, ga ƙasar jiƙe tana ɗan wari, a zazzage tukunyar. Lafiyayyar saiwa fara ce mai ƙwari, ruɓaɓɓiya baƙa ce, tana saɓulewa a hannu. A yanke baƙar, a sake sabuwar ƙasa. Ruwan alwala ya yi, ruwan wanki bai yi ba. Farin ɓawon da ke fitowa a bakin tukunya gishirin ruwa ne da na taki, a kankare shi, a kwarara ruwa mai yawa sau ɗaya a wata don ya wanke.

Yaɗa ta ba wuya, duk wanda ya san dashen dankali ya san rabin aikin. A dubi jikinta: a kowace gaɓa, bayan inda ganye ya fito, akwai ɗan kumburi ruwan ƙasa. Nan ne saiwa ke fitowa. A yanki reshe mai gaɓa biyu ko uku da reza mai tsabta, kamar santimita 1 ƙasa da gaɓar, a cire ganyen ƙasa, a tsoma gaɓar a kwalbar ruwa. Ganye kaɗai marar gaɓa ba ya zama shuka ko zai yi wata nawa a ruwa. Cikin mako biyu zuwa huɗu saiwa za ta fito, in ta kai santimita 5 a dasa, reshe uku ko huɗu a tukunya guda don ta cika. Farkon damina ya fi dacewa. Amma a riƙa canja ruwan kwalbar duk bayan kwana uku, don ruwan da ya kwanta mako guda ya ishi sauro ƙyanƙyasa, kuma ba ma fatan ado ya jawo wa yara zazzaɓi.

Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. In aka bar ta tana reto ƙasa, ganyenta ba ya wuce tafin hannu. In ta samu abin hawa mai danshi da saiwoyin jikinta za su kama, kowane sabon ganye sai ya fi na baya girma. A samu bututun roba mai tsawon mita ɗaya da rabi, a naɗe shi da buhun algarara, a ɗaure da igiyar rama, a kafa shi a tukunya tun kafin dashe. Itace ma zai yi, sai dai gara ba ta barinsa. A ɗaura reshen sako-sako, gefen kumburin nan yana kallon buhun, a riƙa jiƙa buhun safe da yamma lokacin rani. Kada a bar ta ta kama bangon ɗaki: tana ɓamɓare fenti, danshi kuma yana cin ginin ƙasa.

Takin zamani kaɗan take so. Rabin ƙaramin cokali na NPK 15-15-15 a lita 5 na ruwa, sau ɗaya a wata daga Yuni zuwa Satumba, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Da hunturu ƙura kan lulluɓe ganyen, sai a goge da jiƙaƙƙen tsumma mako-mako, ciki da baya. Masu shafa masa mai ko madara don ya yi ƙyalli su daina, ƙurar ce ke ƙara mannewa. A lokacin ne kuma ake ganin wasu fararen ƙwari kamar auduga a hammatar ganye, suna tsotsar ruwan jikinta. A daka ƙwallon bedi kamar giram 50, a jiƙa a lita 1 na ruwa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma. A maimaita mako-mako har sau uku, don feshi ɗaya ba ya gamawa da masu ƙyanƙyashewa daga baya.

Iyaye mata da masu turke a gida, a kula: duk jikin potos yana da wasu ƙananan tsinaye na sinadari da ido ba ya gani, in an tauna sai baki ya yi raɗaɗi, leɓe da harshe su kumbura. A ajiye ta inda mai rarrafe, akuya ko kyanwa ba za su kai ba, a kwashe abin da aka yanke. In yaro ya tauna, a ciro ragowar daga bakinsa, a kurkure masa da ruwa, in kuwa kumburin ya hana shi haɗiya ko numfashi ya yi masa wuya, a garzaya da shi asibiti.

Wassalam.

Daga wasu masu renon itatuwa da furanni,
Maradi.