Fim ɗin yaƙi ba ƙarar bindiga kaɗai ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na karanta sharhin da ya fito a shafinku na nishaɗi, inda marubucin ya ce finafinan yaƙi na zamani sun ci sunansu ne saboda sun daina ɓoye jini da gawa. Akwai gaskiya a maganarsa, amma a ganina ya tsaya a bakin ƙofa, bai shiga cikin gidan ba.

Ba na musun cewa al'amarin ya sauya tun 1998, lokacin da Steven Spielberg ya fitar da Saving Private Ryan. Sama da minti ashirin na farkonsa saukar sojojin Amurka ce a gaɓar tekun Nomandi ta Faransa ranar 6 ga Yuni, 1944: kyamara na rawa, ruwa ya rine ja, wani soja ya sunkuya ya ɗauki hannunsa da ya guntule yana waige-waige. Daga nan masu shirya fim suka rage nuna jarumin da zai ƙarar da runduna shi kaɗai ko ƙwarzane bai samu ba. To amma jini yau abu ne mai sauƙin haɗawa da kwamfuta. Ɗana na uku yana ganin wanda ya fi haka a wasan da ke cikin wayarsa, ko gezau.

Abin da ya hana ni barci ba shi da ƙara ko kaɗan. A farkon All Quiet on the Western Front, wanda Jamusawa suka yi a 2022, an kashe wani yaro soja a yaƙin duniya na farko. Sai aka bi kakinsa: an tuɓe shi daga gawar, an ƙulle cikin dami, an wanke jinin, mata sun zauna a kan keken ɗinki sun toshe inda harsashi ya huda. Can a gida wani ɗalibi, cike da murnar za shi yaƙi, ya karɓi kakin, ya ga sunan wani a wuyan rigar. Ya koma ya ce an yi kuskure. Jami'in ya yage sunan, ya nuna masa wai rigar ta yi wa mai ita kaɗan ne, ya jefar da ƙyallen ƙarƙashin tebur, inda wasu sunayen suke zube. Wallahi da na ga wannan sai da na dakatar da kallon. Yaron ya tafi yana murmushi, ni kuwa na riga na san abin da ke jiransa. Haka ma 1917 na Sam Mendes: an tsara shi kamar ɗauka ɗaya ce ba yankewa, amma dabarar ba za ta yi tasiri ba da ba don mutum biyu kacal muke bi ba, muna jin numfashinsu, har ɗayan ya mutu a hannun abokinsa yana tambayar ko mutuwa zai yi.

Sai dai ga inda nake da ƙorafi, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Idan fim ya zaɓi fuskar da zai matso da ita kusa, ya kuma zaɓi wadda zai bari a nesa. Warfare na 2025 an gina shi ne kan abin da sojojin Amurka suka tuna na wata rana a Ramadi ta Iraƙi a 2006. Ihun waɗanda suka ji rauni har cikin ƙashi yake shiga. Amma iyalin da aka kutsa gidansu cikin dare, aka tsare su a ɗaki, aka bar musu kango, kusan ba mu san komai a kansu ba. Su ma yaƙin ya ci su, kuma ba su ne suka je neman sa ba.

Mu ma haka aka bar namu a nesa. Kakana yana cikin waɗanda Turawan Ingila suka kai ƙasar Bama (Myanmar ta yau) a yaƙin duniya na biyu, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka gwabza da Japanawa a dazukan Arakan, da yawansu ɗauke da kaya a ka, ana ba su umarni da Hausa. Kullum ina wucewa ta gaban barikin Dalet a nan Kawo, sunan da aka samo daga can Bama. Kaka bai taɓa ba mu labarin harbi ba. Abin da yake yawan ambata shi ne ruwan sama mara yankewa, da matsattsaku a ƙafa, da wani abokinsa Bakatsine da zazzaɓi ya kashe, aka binne shi ba likkafani. Idan ya zo nan sai ya yi shiru ya ɗauki carbi.

Ina roƙon ku, Malam Edita, ku tura wakilinku ya zauna da 'ya'ya da jikokin tsofaffin sojan Bama tun akwai masu tuna abin da suka ji daga bakinsu, ku buga mana, ko Allah zai sa wani mai shirya fim a Kano ko Jos ya karanta.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naku,
Mai karatu daga Kawo, Kaduna